Gina kundin fulogin na al'umma a intanet: tambayoyi da amsoshi

Manhajoji irin su Luanti, Blender, QGIS da Obsidian suna barin kowa ya rubuta ƙaramin ƙari da zai sa su yi abin da ba su zo da shi ba. Wasu suna kiran wannan ƙari mod, wasu fulogin. A nan fulogin za mu riƙa cewa. Idan masu rubutawa suka yi yawa, sai a wayi gari kayan sun warwatsu, wannan a GitHub, shafin da ake ajiye kod, wancan a wani adireshi da ya mutu bara. A lokacin ne ake fara maganar tara su wuri guda. Ga tambayoyin da masu niyyar wannan aiki suka fi yi.

Me ya bambanta kundi da shafin da aka jera adireshi kawai?

Shafin jerin adireshi mutum ne kaɗai ke karanta shi. Kundi kuwa manhajar kanta tana karanta shi: ta ga akwai sabuwar siga, ta duba ko ta dace da ita, ta sauke, ta tabbatar fayil ɗin bai lalace a hanya ba. Saboda haka ainihin kundi fayil ɗaya ne da na'ura ke fahimta. A QGIS sunansa plugins.xml, a Blender index.json, a Obsidian kuwa community-plugins.json. Shafi mai hotuna da akwatin bincike riga ce da ake sa wa wannan fayil daga baya. Ku fara da shi. Idan tsarinsa ya zauna daidai, kuna iya sauya fuskar shafin sau goma ba tare da kun taɓa kowa ba. Amma ranar da kuka sauya sunan fili guda a cikinsa, duk tsoffin manhajojin da ke hannun mutane za su daina ganin kundin. Don haka ku sa lambar tsari a samansa tun ranar farko, ku kuma bar tsohon tsari yana aiki a adireshinsa idan kun fitar da sabo.

Mu ajiye fayilolin a wurinmu, ko mu nuna inda marubuci ya ajiye su?

Duka hanyoyin ana bin su. Obsidian ta daɗe a kan hanyar nuni: jerinta na ɗauke da suna, marubuci, bayani da adireshin ma'ajiyar GitHub, manhajar kuma tana zuwa can ta ɗauko main.js da manifest.json, har da styles.css in akwai. ContentDB, wato kundin Luanti, da kundin QGIS, da na Blender, su kan ajiye kwafin zip a sabarsu, wato kwamfutar da ke miƙa fayilolin ta intanet.

Nuni ba ya cin kuɗi, amma akalar tana hannun wani. Marubuci na iya goge ma'ajiyarsa, ko ya sauya sunan asusunsa wani ya zo ya ɗauki tsohon sunan, ko ya musanya fayil ɗin da kuka tantance da wani daban a ƙarƙashin lambar siga ɗaya. Na ukun nan ya fi muni, domin babu wanda zai lura. Ajiyewa a wurinku na kawar da waɗannan duka, sai dai ya ɗora muku kuɗin wurin ajiya da nauyin amsa ƙorafin haƙƙin mallaka.

Shawararmu ga ƙaramin kundi: ku ajiye kwafi. Yawancin fulogin rubutu ne zalla, ba sa kai megabait ɗaya. In kuma dole sai nuni, to ku lissafa hatimin SHA-256 na kowane fayil, wato jerin haruffan da ke sauyawa da zarar an taɓa fayil ɗin, lokacin da kuka karɓe shi, ku rubuta haruffan nan 64 a cikin kundin, manhaja ta ƙi girka duk abin da hatiminsa bai zo daidai ba.

Wane bayani ya wajaba kowane fulogin ya zo da shi?

Bayanin ya zauna cikin kunshin kansa, a fayil mai tsayayyen suna, kada ya tsaya a fom ɗin shafi kaɗai. Luanti na da mod.conf, QGIS na da metadata.txt, Blender na da blender_manifest.toml. Mafi ƙarancin abin da za ku nema:

- sunan na'ura, wanda ba ya sauyawa har abada
- sunan da mutane ke gani, wanda ana iya sauyawa ko fassarawa
- lambar siga
- mafi ƙarancin sigar uwar manhaja da yake aiki da ita
- sauran fulogin da ya dogara da su
- lasisi
- adireshin kod ɗinsa da inda ake kai rahoton matsala
- bayani na jimla ɗaya

Dalilin sa shi cikin kunshi shi ne kada a samu gaskiya biyu. Idan marubuci ya cike fom da 1.4 alhali fayil ɗin ciki na cewa 1.3, manhaja za ta girka, ta duba, ta ga har yanzu 1.3 ce, ta sake cewa akwai sabuntawa, haka za ta yi ta zagaye ba iyaka. Sabarku ta buɗe kunshin ta karanta da kanta, fom ya tsaya ga hotuna da dogon bayani.

Akwai wata ƙa'ida game da suna?

Akwai, kuma gyaranta daga baya azaba ne. Luanti ta taƙaita sunan na'ura ga ƙananan haruffa a zuwa z, lambobi 0 zuwa 9, da layin ƙasa. Ku kwaikwaye ta. Windows da macOS a yadda suka zo ba sa bambanta babban harafi da ƙarami a sunan folda, Linux kuwa tana bambantawa. In kun yarda da Taswira da taswira a matsayin abu biyu, ɗaya zai hau kan ɗaya a kwamfutar wani. Ku hana sunayen da Windows ta keɓe, irin su con, nul, aux da prn. Ku kuma sa na'ura ta ja hankalin mai tantancewa idan sabon suna ya bambanta da wani sananne da harafi ɗaya tak, domin tsohuwar dabarar 'yan damfara ce su jira wanda yatsansa ya zame.

Sai mun yi hayar saba?

Ba dole ba a farko. Ma'ajiyar Git guda, irin wadda ake buɗewa a GitHub, ta isa: kowane fulogin na da ƙaramin fayil nasa, marubuci ya turo buƙatar a haɗa, na'ura ta duba, mutum ya amince, sai wani ɗan shiri ya tattara komai ya fitar da fayil ɗin kundi da shafukan HTML. GitHub Pages na ɗaukar shafin da bai wuce gigabait 1 ba, da zirga-zirgar kusan gigabait 100 a wata. Blender ma na da umarnin server-generate da ke karanta folda cike da zip ya fitar da index.json, ba tare da wani rumbun bayanai ba.

Ku lura da cewa mun ce fayil ɗaya ga kowane fulogin. Idan kowa na ƙara layinsa a ƙarshen dogon jeri guda, duk buƙatu biyu da suka zo tare sai sun yi karo a wuri ɗaya. Wani tarkon kuma: kada manhajar mai amfani ta riƙa tambayar API na GitHub, wato ƙofar da manhajoji ke neman bayanai ta cikinta, kai tsaye a kan kowane fulogin. Wanda bai shiga da asusu ba tambaya 60 kawai yake da ita a awa, kuma ana ƙirgawa ne a kan adireshin IP, wanda a layin waya mutane da yawa ke tarayya a kansa.

Saba ta gaske tana zama dole idan kuna son asusun masu amfani, sharhi, da ƙirgen saukewa. ContentDB misali ne da kowa zai iya karanta kod ɗinsa: Python da Flask, PostgreSQL na riƙe bayanai, Celery da Redis na gudanar da ayyuka masu jan lokaci a bayan fage. Wannan rabon aiki na da muhimmanci. Buɗe zip da jawo ma'ajiyar Git ba abu ne da za a yi mai ɗorawa na zaune yana jiran shafi ya buɗe ba.

Yaya za mu hana mutum girka abin da bai dace da sigarsa ba?

Nan ne kundi ke cin sunansa. Uwar manhaja takan karya tsoffin fulogin lokaci zuwa lokaci: QGIS 3.0 a 2018 ta koma Python 3, Blender 2.80 a 2019 ta sauya API ɗinta sosai, Firefox 57 a Nuwamba 2017 ta daina karɓar tsohon salon ƙari gaba ɗaya. A kowane irin wannan juyi, jama'a na rabuwa biyu na tsawon lokaci, wasu sun koma sabuwa, wasu na kan tsohuwa.

Don haka dacewa ba sifar fulogin ba ce, sifar kowace siga tasa ce. Ku ajiye duk sigogin da aka taɓa fitarwa, kowacce da iyakarta. Manhaja ta faɗi sigarta, kundi ya miƙa mata mafi sabuwa daga cikin waɗanda suka dace da ita. Obsidian na yin haka da versions.json, inda marubuci ke rubuta cewa siga kaza tana buƙatar manhaja kaza.

Kurakurai biyu sun fi yawa. Na farko, jera lambar siga kamar rubutu: a haka 1.9 za ta zo bayan 1.10, sai mutane su maƙale a tsohuwa. Ku raba lambar a kan ɗigo, ku gwada kowane yanki a matsayin adadi. Tsarin SemVer mai yanki uku ya warware wannan. Na biyu, tilasta wa marubuci ya rubuta iyakar sama, wato sigar manhaja mafi sabuwa da fulogin ɗinsa ke aiki da ita. Ba ya ganin gaibu. In ya rubuta sigar yau, ranar da sabuwa ta fito kundinku zai zama kufai alhali yawancin kayan na aiki lafiya. Ku bar filin a buɗe, a cike shi bayan an tabbatar abu ya karye, kuma masu kula da kundi su ma su iya cikewa ba tare da jiran marubuci ba.

Fulogin da ya dogara da wani fa?

Ku raba dogaro gida biyu kamar yadda mod.conf ya yi da depends da optional_depends: wanda in babu shi ba a tashi, da wanda in yana nan ana ƙaruwa da shi. Kada ku karɓi kunshin da ya dogara dole da abin da ba ya cikin kundin. Ku kuma sa na'ura ta gano zagaye, inda A ke jiran B, B ke jiran A.

Me na'ura za ta duba, me mutum zai duba?

Duk abin da amsarsa e ko a'a ce, na na'ura ne: fayil ɗin bayani na nan kuma yana karantuwa, suna bai ci karo da wani ba, lambar siga ta fi ta baya, lasisi na cikin jerin da kuka yarda da shi, girman kunshi bai wuce iyaka ba, hoto na da faɗin da ake so. Saƙon kuskure ya faɗi layin da ya samu matsala da yadda za a gyara. Ku ba marubuta wannan shirin dubawa su gudanar a kwamfutarsu kafin su turo, yadda Blender ta yi da umarnin validate.

Mutum ya duba abin da ke buƙatar hankali. Ya girka a sabuwar manhaja da ba a taɓa sa mata komai ba, ya ga ko tana tashi. Ya binciki kod ɗin yana neman wuraren da ake fita intanet, ko rubutu a wajen foldar fulogin, ko gudanar da umarnin tsarin kwamfuta, ko ɗauko kod daga waje a gudanar. Idan ya ga dogon layi na haruffa a cakuɗe da ba a iya karantawa, ya tambaya, in babu gamsasshiyar amsa ya ƙi. Ya duba ko hotuna da sautukan ciki na marubucin ne.

Ku rubuta ƙa'idojin ku buga su a fili, kowacce da lambarta. Mai tantancewa da ya ce "ƙa'ida ta 4" ya huta da gardama, marubuci kuma ya san ba ƙiyayya aka nuna masa ba. Mutane ne da suka ba da lokacinsu kyauta a ɓangarorin biyu, kuma ƙin karɓa ba tare da dalili ba na korar wanda wataƙila shi zai zama mai tantancewarku na gaba.

Fayil ɗin zip na iya cutar da sabar kanta?

Ƙwarai. Sunan fayil a cikin zip na iya ɗauke da ../ (alamar komawa foldar sama) a jere, ta yadda in aka buɗe shi ba tare da dubawa ba zai fita daga foldar da aka nufa ya rubuta a kan fayilolin saba. A 2018 aka yayata wannan rauni da sunan Zip Slip, aka same shi a ɗakunan kod da dama. Maganinsa: ku lissafa cikakkiyar hanyar da kowane fayil zai sauka, ku ƙi duk wadda ta fita daga folda, ku ƙi mahaɗan alama (symlink, fayil mai nuni zuwa wani wuri) da hanyoyin da suka fara daga tushe. Irin wannan binciken ya kamata ya kasance a cikin manhajar mai amfani ma.

Sai bam ɗin zip. Akwai wani sananne, 42.zip, kilobait 42 ne a matse, amma in aka warware shi duka ya kai kusan petabait 4.5. Ku sa iyaka ga jimillar girma bayan buɗewa da yawan fayiloli, ku riƙa ƙirga abin da ke fitowa a zahiri, domin girman da zip ya rubuta wa kansa na iya zama ƙarya. Hotunan da aka ɗora ku sake sarrafa su da kanku, kada ku karɓi hoton SVG, domin yana iya ɗaukar JavaScript. Dogon bayanin da marubuci ya rubuta shi ma a tace shi kafin ya hau shafi.

In mun tantance da kyau, mun tsira daga muguwar manhaja ke nan?

A'a, kuma kada ku faɗa wa jama'a haka. Yawancin kundaye na tantance shigowar farko ne, sabuntawa kuwa na wucewa kai tsaye, ɓarna kuma ta nan take shigowa. A Yuni 2023 aka gano muguwar manhajar fractureiser a cikin mod na wasan Minecraft a CurseForge da shafin Bukkit: an sace asusun wasu marubuta aka ɗora gurɓatattun sigogi da sunansu, cutar na satar kalmomin sirri tana kuma yaɗuwa zuwa sauran fayilolin jar da ke kwamfutar. A Nuwamba 2018 kuma aka bankaɗo abin da ya faru da kunshin event-stream a npm, kundin kod na JavaScript, inda mai shi ya gaji ya miƙa wa wani baƙo da ya nuna yana son taimakawa, baƙon ya cusa kod mai neman satar bitkoyin daga jakar Copay. A duka biyun, sunan da jama'a suka amince da shi aka yi amfani da shi.

Abin da ke rage haɗarin: ku wajabta shaidar shiga mai mataki biyu ga duk mai ɗorawa, kamar yadda PyPI, kundin kod na Python, ta yi daga farkon 2024. Ku aika wa marubuci saƙo duk lokacin da aka fitar da siga da sunansa. Ku mayar da kunshi layin tantancewa idan ya sauya hannu, ko ya fara fita intanet alhali da ba ya yi, ko wani fayil da ba rubutu ba ya bayyana a cikinsa. Ku tanadi jerin haramtattu da manhaja ke dubawa, domin cire abu daga shafi ba ya cire shi daga kwamfutocin da suka riga suka girka.

Ku kuma faɗi gaskiyar ikon da fulogin ke da shi a manhajarku. A Luanti mod na gudana cikin shinge, sai mai kwamfuta ya sa sunansa a secure.http_mods kafin ya iya fita intanet. A Obsidian babu irin wannan shinge, shi ya sa take zuwa da fulogin na al'umma a kashe sai mutum ya kunna da kansa. Blender na sa marubuci ya bayyana izinin da yake buƙata, kamar fayiloli ko intanet, tare da dalili. Wannan sanarwa ce, ba katanga ba.

Dole ne sai da lasisi?

Dole. Abin da ba shi da lasisi, a doka duk haƙƙinsa na hannun mai shi, ba ku da izinin rarraba shi. Ku yi amfani da gajerun sunayen lasisi na jerin SPDX, irin su MIT, GPL-3.0-or-later, CC-BY-SA-4.0 da CC0-1.0, mutum ya zaɓa daga jeri maimakon ya rubuta da hannu. ContentDB na tambayar lasisi biyu, na kod daban, na hotuna da sauti daban, kuma a na biyun ne aka fi samun kayan sata: hoton da aka ciro daga wani wasan kuɗi. Ku duba ko lasisin uwar manhaja ya ɗaure ku. QGIS da Blender na neman wanda ya dace da GPL.

Marubuci ya ce a goge aikinsa, ko ya ɓace ba labari. Me za mu yi?

A Maris 2016 wani marubuci ya goge left-pad daga npm, kod mai layi 11, dubban ayyukan da suka dogara da shi suka kasa haɗuwa nan take. Bayan haka npm ta taƙaita gogewa. Hanyar da ta fi ita ce janyewa ba gogewa ba, kamar yadda crates.io, kundin kod na Rust, da PyPI ke yi: siga ta ɓace daga bincike da sabon girki, amma wanda ya nemi ita takamaimai zai samu. Gogewa ta gaske ku bar ta ga muguwar manhaja, satar haƙƙi, ko bayanan sirri da suka fita bisa kuskure. Sunan da aka bari kuma kada a ba wa sabon mutum haka kawai, domin duk mai tsohon zai karɓi na sabon a matsayin sabuntawa.

Ga wanda ya ɓace, ku rubuta matakai tun kafin buƙatarsu ta taso: a aika masa saƙo ta hanyoyi biyu, a jira wa'adin da kuka sanar, misali kwana 30, a bayyana buƙatar a fili. Ko bayan haka, mun fi son magaji ya fito da sabon suna, a sa alama a tsohon shafi mai nuni zuwa gare shi. Daɗewa ba tare da sabuntawa ba kuwa ba mutuwa ba ce. Ƙaramin fulogin da ya gama aikinsa na iya shekara biyar ba a taɓa shi ba yana aiki sumul.

Yaya za mu jera su don mai nema ya samu na kirki?

Jimillar saukewa tun fil azal na fifita tsofaffi, sabo ba zai taɓa leƙowa sama ba. Ku ƙirga na 'yan makonnin baya, ku kuma raba sabon girki da sabuntawa, in ba haka ba mai fitar da siga kullum zai yi ta hawa. Ga ƙuri'a, "ina ba da shawara" ko "ba na bayarwa" tare da dalili a rubuce ya fi taurari biyar amfani. Kada ku jera da kaso tsagwaronsa: mai yabo 2 cikin 2 zai hau kan mai 90 cikin 100. Lissafin Wilson, wanda ke la'akari da yawan masu ƙuri'a, na gyara wannan, yana ba na farko kusan 0.34, na biyu kusan 0.83.

Rukunai ku tsara su da kanku, kaɗan, kada kowa ya ƙirƙiri nasa. Idan kundin zai ɗauki bayani da Hausa, ku sani cewa dabarar Unicode da ke cire wa é alamarta ba ta taɓa ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, domin haruffa ne masu zaman kansu. Sai kun rubuta taswirar da hannu, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ƴ da 'y su koma y, ku yi amfani da ita a kan rubutun da aka adana da kuma abin da mai nema ya buga. In ba haka ba, wanda allon wayarsa ba shi da ƙugiya ya rubuta "kasa" ba zai ga "ƙasa" ba.

Masu ƙaramin data fa?

Fulogin 500, kowanne da bayanin kusan bait 600, kilobait 300 ke nan, matsewa da gzip kuma za ta rage shi sosai. Dogon bayani da tarihin sigogi su zauna a fayil daban da ake ɗaukowa idan an buɗe shafin abu. Ku kunna ETag, manhaja ta tambaya ko kundin ya sauya, saba ta amsa da 304 in bai sauya ba. Jeri ya nuna ƙananan hotuna kawai, a kuma rubuta girman kunshi kusa da maɓallin saukewa.

Me ya fi kashe irin waɗannan kundaye?

Ba kuɗin saba ba ne, gajiyar mutum ɗaya ce. Manhajar gyaran hoto ta GIMP ta taɓa samun rajistar fulogin da aka gina a kan Drupal, manhajar gina shafukan intanet. Da aka rasa mai kula da ita sai ta tsaya, kayan da ke ciki suka koma sai an tono su a kwafin da wasu suka adana. Alamar farko ita ce layin tantancewa: in buƙata na kwana wata biyu ba amsa, marubuta za su koma raba zip a tsakaninsu.

Tun farko mutum biyu aƙalla su riƙe kowane mabuɗi: sunan yanki, saba, ma'ajiyar kod, da akwatin imel da ake kai rahoton tsaro. Sunan yanki ya riƙa sabunta kansa, a kuma rubuta ranar ƙarewarsa inda kowa zai gani, domin in ya kuɓuce wani ya saya, duk manhajojin da ke duba wannan adireshi za su karɓi abin da sabon mai shi ya miƙa musu. Ku riƙa fitar da cikakken kwafin kundin, bayanai da fayiloli, ban da bayanan asusun mutane, wanda kowa zai iya saukewa ya kafa madubi. Kwafin ajiyar rumbun bayanai kuma a kai shi wani wuri daban da sabar, sannan sau ɗaya a wata uku wani ya ɗauko shi ya tayar da kundin a kan kwamfutar da babu komai, ya rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka da matakin da ya tsaya masa.